Gobarar Jasper: Yadda Gwajin Ƙasa Ya Tsayar da Ginin Gari

Idan gidan mutum ya ƙone ƙurmus, me kake ganin zai fi ɓata masa lokaci kafin ya sake gini? Da yawa za su ce neman kuɗin kayan aiki ne. To a garin Jasper da ke lardin Alberta, a yammacin Kanada, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi riƙe mutane bayan gobarar 2024 shi ne ƙasar da gidajen suke kai. Hukuma ta ce ba wanda zai aza tubali sai an ɗebi ƙasar filinsa an gwada, an tabbatar ba guba. In ta faɗi gwaji, a sake haƙa, a sake gwadawa. Kafin ka ce an kyauta ko ba a kyauta ba, mai karatu, bari mu koma baya mu ga yadda aka zo nan.

Garin da ke haya a cikin gandun daji

A 1907 gwamnatin Kanada ta keɓe wannan yanki na duwatsun Roki a matsayin wurin da aka kare, kuma a 1930 ya zama cikakken gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 11,000. Shi kuwa garin, layin dogo ne ya haife shi a 1911. Da farko sunansa Fitzhugh, sai a 1913 aka mayar da shi Jasper, sunan wani ɗan kasuwar fatu da ya taɓa riƙe zango a yankin a farkon ƙarni na 19.

Abin da ya bambanta Jasper da sauran garuruwa shi ne, ba wanda ya mallaki fili a cikinsa. Gidan naka ne, amma ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, haya ka karɓa ta shekaru masu yawa. A lokacin gobarar 2024, hukumar gandayen daji ta ƙasa, wato Parks Canada, ita ce mai ba da izinin rusau da na gini. Ko da garin ya samu ƙaramar hukumarsa a 2001, ikon tsara filaye ya ci gaba da zama a hannun wannan hukuma. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne tushen rigimar da za ta biyo baya.

Shekara ɗari ana tara itace

Kafin a kafa gandun, mutanen asali da ke zaune a kwarin kogin Athabasca sukan saka wuta kaɗan-kaɗan a fadamu, don ciyawa ta fito sabuwa dabbobi su samu. Tsawa ma takan kunna tata. Waɗannan ƙananan gobara su ne ke cinye busassun rassa kafin su taru. A 1910 aka tashi iyalan Metis da ke noma da kiwo a kwarin, sannan masu gadin daji suka ɗauki aƙidar kashe duk wutar da ta tashi.

Sakamakon haka ana ganinsa da ido. A 1915 wani safiyo mai suna Bridgland ya hau kan duwatsu ya ɗauki ɗaruruwan hotunan yankin. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Alberta suka koma suka tsaya daidai inda ya tsaya, suka sake ɗauka. Inda a da ake ganin fili da ciyawa da kurmi jefi-jefi, yanzu daji ne a cunkushe, itatuwa kusan duk sa'o'in juna. Daga baya, a shekarun 2010, wani ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawon itacen fain ya kashe ɗimbin itatuwa, ya bar su a tsaye a bushe. Ka haɗa wannan da zafin da ke ƙaruwa da fari, ka ga ai an riga an jera itace, ashana kawai ake jira.

Kwana uku a watan Yuli

Ranar 22 ga Yuli 2024 tsawa ta kunna wuta a kudancin garin, wata kuma ta tashi ta arewa. A daren aka ba da umarnin kowa ya fice. Mutum wajen 25,000 ne suka bar gandun, mazauna gari kusan 5,000, sauran ma'aikatan wucin gadi da 'yan yawon buɗe ido. Yawancinsu yamma suka nufa, cikin lardin British Columbia, domin sauran hanyoyin ba sa biyuwa.

Da yammacin 24 ga wata iska ta koro wutar cikin gari. Daga cikin gine-gine 1,113, guda 358 suka ƙone, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuma mafi yawansu gidajen zama ne. Wutar ta ci daji sama da hekta 32,000. Ba a rasa rai a cikin garin ba, amma ranar 3 ga Agusta itace ya faɗo wa wani ma'aikacin kashe gobara ɗan shekara 24, ya rasu. Ranar 16 ga Agusta aka bar mutane suka fara komawa. Asarar da kamfanonin inshora suka ƙiyasta ta haura dalar Kanada biliyan 1.2, wadda a tarihin gobarar daji a ƙasar ta Fort McMurray ta 2016 ce kawai ta fi ta.

Me ke cikin tokar gida?

Tokar gida daban take da tokar murhu. Ka tuna duk abin da ke cikin gida: fenti, bututun roba, wayoyin lantarki, batura, firji, katifa, mota a gareji. In suka ƙone, hayaƙi ya tafi da wasu abubuwa, saura kuma su zauna a toka, ruwan sama ya tura su cikin ƙasa.

Na farko akwai ƙarafa masu guba, waɗanda wuta ba ta iya lalata su. Sai a 1976 Kanada ta taƙaita dalma a fentin cikin gida, don haka tsofaffin gidaje suna ɗauke da ita. Katakon dandamali da na shinge kuma, har zuwa ƙarshen 2003 ana jiƙa shi da maganin hana ruɓa mai ɗauke da asenik. In katakon ya ƙone, asenik ɗin yana taruwa a toka.

Na biyu akwai asbesto, wanda aka daɗe ana sawa a rufi da bango da daɓe. Ba ya ƙonewa, sai dai ya farfashe ya zama ƙananan zaruruwa da ke shiga huhu.

Na uku su ne waɗanda wutar da kanta take ƙirƙira. In roba mai sinadarin kulorin ta ƙone ba ta cinye sosai ba, sai a samu dayoksin da danginsa furan. Waɗannan suna daɗewa a ƙasa shekaru da yawa, suna taruwa a kitsen jiki, kuma an tabbatar mafi muninsu yana jawo kansa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaro ƙarami mai wasa a tsakar gida, hannu a ƙasa, hannu a baki. Mu ma mun ga wannan a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. A can ma maganin da aka yi wa ƙauyukan shi ne kankare saman ƙasa a zuba mai tsabta.

Inda kuɗi suka shigo

A Jasper, tsarin ya tafi kamar haka. Ka nemi izinin rusau. 'Yan kwangila su kwashe baraguzai da toka, su kankare saman ƙasa, a loda a tifa a fitar. Sai ƙwararren masanin muhalli ya zo ya ɗebi samfur daga wurare daban-daban a filin, a aika ɗakin gwaje-gwaje. Sai sakamako ya fito lafiya sannan hukuma ta rufe maganar rusau, gini ya samu hanya.

Da yake ƙasar ta tarayya ce, ma'aunin da aka ɗauka shi ne wanda majalisar ministocin muhalli ta Kanada ta tsara. Ma'aunin nan yana da tsauri. Na asenik miligiram 12 ne a kowane kilo na ƙasa. Na dayoksin da furan kuwa nanogiram 4 ne a kilo. Don ka gane ƙanƙantar wannan: daidai yake da giram 4 a cikin ƙasa tan miliyan ɗaya. Auna abu mai ƙanƙanta haka sai da na'ura ta musamman mai tsada, wadda ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, kuma sakamakon yakan ɗauki makonni.

Ga kuma wata matsala ta kimiyya. Na'urar tana faɗa maka abin da ke cikin ƙasa ne, ba ta faɗa maka yaushe ya shiga. Asenik akwai shi a ƙasa tun fil azal. Gobarar daji ita ma takan samar da dayoksin kaɗan. Garin da ya shekara sama da ɗari a bakin layin dogo, wanda motoci suka sha fetur mai dalma a titunansa har zuwa 1990, ba za a rasa tsohon datti a ƙasarsa ba. Saboda haka fili zai iya faɗuwa gwaji a kan abin da ya riga gobarar zuwa.

Kowace faɗuwa na nufin katafila ta dawo, tifa ta dawo, a sake biyan gwaji. Inshora kuwa yawanci tana da iyaka a kan kuɗin kwashe baraguzai. In an wuce iyakar, ko dai ka taɓa kuɗin ginin, ko ka sa hannu a aljihu. Sannan lokacin gini a Jasper gajere ne, don da hunturu ya shigo ƙasa ta daskare. Jinkirin wata biyu na iya zama asarar shekara guda, alhali iyali na zaune a gidan wucin gadi ko a wani gari.

Yadda wasu suka yi

Idan kana ganin mafita ita ce a bar gwajin, dubi Amurka. Bayan gobarar da ta cinye garin Paradise a Kalifoniya a 2018, wadda ta kashe mutum 85, an kankare filaye an gwada, kuma da dama sai da aka sake kankare su. A gobarar Los Angeles ta Janairu 2025 kuwa, hukumomin tarayya suka cire ƙasa har zurfin santimita 15 amma suka ƙi yin gwajin tabbatarwa. Da hukumar lafiya ta gundumar ta ɗebi samfur daga baya, sai ta samu dalma fiye da ma'aunin jihar na miligiram 80 a kilo a wani kaso na filayen da aka ce an share. Wato kankara kaɗai ba ta isa shaida ba.

Ka ga ke nan gwajin yana da dalili. Gardamar da ta rage ita ce ta ma'auni da ta biyan kuɗi: shin za a mayar da fili yadda yake kafin gobara ne, ko sai ya fi da tsabta? In kuma mai ƙasar ne ya gindaya sharaɗin, wa ya kamata ya biya, mai haya ko mai ƙasa? A watan Oktoba 2024 majalisar dokokin Kanada ta gyara dokar gandayen daji don a iya miƙa wa ƙaramar hukumar Jasper ikon tsara filaye, amma ƙasar tana nan ta tarayya.

Abin da garuruwan da ke bakin daji za su iya yi tun yanzu a fili yake. A auna ƙasar unguwanni kafin gobara ta zo, a ajiye sakamakon, don in ta faru a san abin da wuta ta kawo da abin da ta tarar. A kuma rubuta tun da wuri wane ma'auni za a bi da wanda zai biya, kamfanonin inshora su san da shi. Wannan magana ta fi sauƙin yi lokacin da gidajen mutane suke tsaye.