Kai kuɗin kasuwanci banki: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

Jama'ar Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, lokacin kaka mai saida aya, wake ko dabbobi kan tara tsabar kuɗi masu yawa. Kai su banki ba laifi ba ne. Sai dai doka ta tilasta wa banki sanin mai kuɗin da inda suka fito, don hana halatta kuɗin haram.

A 2017 babban banki BCEAO ya ƙayyade cewa ajiyar tsabar kuɗi da ta kai sefa miliyan 15 sai an sanar da hukumar CENTIF. Sanarwar ba tuhuma ba ce.

Abin da ke jawo zargi shi ne rarraba kuɗin kaɗan-kaɗan don kauce wa wannan iyaka, ko zuba su a asusun wani.

Don haka a tafi da katin ɗan ƙasa, lambar NIF in akwai, rasit da littafin ciniki. A faɗa wa ma'aikacin banki sana'ar da ake yi tun ranar buɗe asusu. 'Yan uwa mazauna waje kuma, in kun aiko jari, ku adana takardar aiken.