Gungume Mai Sunan Katako: Fitar da Madobiya Zuwa Sin da Makomar Itatuwan Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake fitar da itace mai tauri daga Nijeriya da sunan yankakken katako. Matsayinta shi ne: gyaran fuskar da ake yi wa gungume da zarto ya raunana dokar hana fitarwa, kuma masassaƙan jirgin ruwa na Yawuri, Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi suna cikin masu ɗaukar asarar.

Bitar ayyukan da suka gabata

Rahoton ƙungiyar EIA, mai binciken laifukan muhalli, na Nuwamba 2017 ya ce gungumen madobiya kusan miliyan 1.4 daga Nijeriya sun shiga Sin da takardun izinin da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Aiki ne mai nauyi, ba a musu. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsa shi ne wa ya sa hannu da wa ya karɓi na goro. Ni ina ganin ɓarnar ta fara tun a daji, a wurin yanka.

Hanyar bincike

An karanta hukunce-hukuncen yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, daga 2016 zuwa 2022, aka auna su da yadda ake sarrafa itacen.

Sakamako

Nijeriya ta hana fitar da ɗanyen gungume tun 1976. 'Yan kasuwa ba su ja da dokar ba, kewaye ta suka yi. Mai injin zarto yana kayar da madobiya, ya feƙe ta gefe huɗu, ya bar ɓawo da farin itacen a nan, ya ɗauki jar zuciyar kawai. Abin da aka loda a kwantena gungume ne mai kusurwa, amma a takardar kwastan sunansa katako. Ba a tsaga shi ba, ba a busar ba, babu kafintan Nijeriya da ya taɓa shi. Duk aikin da ke kawo kuɗi, wato kujeru da gadaje na alfarma, a masana'antun Sin ake yin sa.

Da aka sa madobiya a rukuni na biyu na CITES a Janairu 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018, zarto bai huta ba. Ya juya kan kawo da maɗaci, har taron CITES na Panama a Nuwamba 2022 ya sa su ma a wannan rukuni. Nan ne abin ya taɓa gaɓar Kainji. Tun da aka kammala madatsar a 1968, rayuwar ƙauyukan bakin tafkin ta rataya ga kwale-kwale: kamun kifi, kasuwa, kai mara lafiya Yelwa ko Wara. Jirgi yana son falle mai faɗi daga tsohon itace, irin wanda ɗan kasuwar waje ke nema, kuma masassaƙi ba zai iya taya farashin dala ba. Idan falle ya yi tsada, sai a yi ta liƙe tsohon jirgi ana ɗora masa mutane. Haka kuma makiyayi yana rasa ganyen madobiya da kawo, abincin shanunsa da rani.

Iyakar binciken

Dole a faɗa: takardun fitarwa suna rubuta ƙasa ne kawai, ba jiha ba, don haka ba su ware kason Kebbi daga na Taraba ko Kogi. Maƙalar kuma ta bar batun gawayi, wanda ke cin irin waɗannan itatuwa ta wata hanyar.