Babbar Ruga: Makarantar Da Muke Wucewa Muna Kau Da Kai

Duk ɗan Batsari ko Safana da ya taɓa shiga Katsina ta hanyar yamma ya san Babbar Ruga, ko da da suna ne. Mu da muka yi karatu a birni cikin shekarun 1970, mun tuna yadda hira kan mutu a cikin mota in an zo daidai wurin, wani ya ja bakin rawani ya rufe hanci, wata ta juyar da fuskar ɗanta. Gidan kutare ne, iyakar abin da aka faɗa mana ke nan. Yau yawancin ɗakunan ƙasa da muka sani a can ba su, waɗansu damina ta cinye, waɗansu an rushe an yi ginin siminti a gurbinsu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wurin nan makaranta ce kamar yadda yake asibiti, kuma akwai mutanenmu a cikin ɗalibanta.

Asalinsa matsuguni ne da En'e ta Katsina ta keɓe wa masu kuturta. A 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka yi yarjejeniyar miƙa shi ga 'yan mishan na Sudan Interior Mission, wato SIM, su riƙa gudanar da shi. Haka aka yi a Kano da Sakkwato, inda Yadakunya da Amanawa suka yi suna da irin wannan aiki. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tun zuwan Turawa an taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Kuturta ce ta buɗe masu ƙofar da suka shekara talatin suna ƙwanƙwasawa. Sarakuna na neman wanda zai kula da marasa lafiya, gwamnati na gudun kashe kuɗi, su kuwa masu mishan da manufarsu ta addini, ba su kuma ɓoye ta ba. Kowa da abin da ya kawo shi kasuwa.

Magani a wancan lokaci azaba ne. Wani mai ake samu daga 'ya'yan itacen chaulmoogra na ƙasar Indiya, a yi ta tsira wa mutum allurarsa a fata mako bayan mako, shekara da shekaru, amfaninsa kuma kaɗan. Saboda jinyar ta zama zama, sai aka raba wa majinyata gonaki, aka buɗe aji. A nan ne mutumin da danginsa suka ware masa akushi da buta ya koyi karatun Hausar boko da lissafi. Masu ƙwazo aka koya masu wanke miki da ɗaurin bandeji da yin allura, har suka zama ma'aikatan da asibitin ya dogara da su. A ganinmu, a matsayinmu na waɗanda suka ƙare rayuwarsu a aji, wannan shi ne sashen tarihin da ya fi cancantar tunawa. A lokacin da makarantun elementare ba su taka kara sun karya ba a ƙasar Ruma, ga wanda ake ƙyama yana riƙe da fensir a dungun hannu yana rubuta wasiƙa, alhali mai cikakkun yatsu a ƙauye sai ya nemi mai karanta masa takardar haraji.

Ba mu ce babu tsami a ciki ba. Waɗansu sun bar addinin iyayensu a can, abin ya raba zumunci, kuma har yau akwai gidajen da ba a son a ta da zancen. Waɗansu sun warke amma garinsu ya ƙi karɓarsu, suka koma suka zauna a gefen asibitin har ƙarshen rayuwarsu. Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, amma wanda ya dawo da takardar sallama kaɗai bai tarar da wannan alfarma ba.

Abin da ya sauya komai ƙwaya ce 'yar ƙarama mai suna dapsone. A Uzuakoli ta gabashin Nijeriya Dakta John Lowe ya tabbatar, wajen ƙarshen shekarun 1940, cewa ana iya haɗiye ta a warke, ga ta kuma da arha. Cikin shekarun 1950 aka fara raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani na Arewa, mutum na gidansa yana nomansa. Daga nan buƙatar tsare majinyaci shekaru ta ragu, ajin ma ya fara rasa dalilinsa. Gwamnati ta karɓi asibitocin mishan cikin shekarun 1970. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, waɗanda ke warkar da cutar cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Duk da haka, har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa sama da dubu a Nijeriya kowace shekara, da yawansu sai jijiya ta mutu suke zuwa asibiti, saboda kunyar nan da muka gada.

Wurin bai zama kufai ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, su ma an ware masu kwano a gidajensu. A 1984 ya fara yi masu tiyata, ya yi wa dubbai, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Yanzu Babbar Ruga cibiyar Gwamnatin Tarayya ce ta wannan aiki, kuma mata daga ƙauyukanmu na cikin masu cin moriyarta.

Ragowar waɗanda suka zauna a tsohon ajin nan sun haura tamanin, kuma hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tarwatsa dattawa da yawa daga Ruma da Runka da ƙauyukan da ke kewaye, sun koma raɓe a gidajen 'ya'yansu a birane. Ke nan waɗansunsu suna kusa da ku, ya ku 'yan'uwa mazauna Katsina da Kano da Kaduna. Muna roƙon wannan ƙungiya ta ɗora wa kwamitin ilimi aikin zama da su a ɗauki maganarsu a waya, da yardarsu, a sakaya sunan duk wanda ya nemi haka, a kuma tambayi kowane ɗaya wa ya koya masa baƙi, a wane ɗaki, kuma ina ɗakin yake tsaye a da.