Wa Ya Kwance Sarƙar Bayi? Nassi da Falsafa a Tarihin Hana Bauta

Akwai gardamar da kusan kowane mai hidima zai ci karo da ita, ko a ƙungiyar matasa ko a bakin ɗan jami'a da ya dawo hutu: shin Littafi Mai Tsarki ne ya ciyar da 'yan Adam gaba, ko kuwa tunanin masanan da ba su jingina ga addini ba? Mu masu wa'azi amsarmu a bakinmu take. Mukan ambaci William Wilberforce, mu ce Kirista ne ya hana cinikin bayi, mu wuce. Wannan ba ƙarya ba ce, amma rabin labari ne, kuma wanda ya san ɗaya rabin zai kunyata mu a gaban garkenmu. Gara mu bi tarihin yadda yake.

Abin da ke gefenmu yana da nauyi. Tun a 1688 waɗansu 'yan ɗariƙar Kweka a Germantown, cikin Pensilbaniya ta Amurka, suka rubuta takardar ƙin bauta. A 1774 John Wesley ya buga ɗan littafi yana la'antar ta, kuma cikin wasiƙunsa na ƙarshe akwai wadda ya aika wa Wilberforce a Fabrairun 1791, kwanaki kaɗan kafin ya rasu, yana ƙarfafa shi kada ya gaji. Ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1787 domin hana cinikin bayi mutum goma sha biyu ne, tara 'yan Kweka, uku 'yan Anglika. Wilberforce ya kai maganar majalisar dokokin Ingila a 1789, aka yi ta kayar da shi, sai a 1807 dokar ta wuce. Bautar kanta kuwa ba a soke ta a ƙasashen da Ingila ke mulka ba sai da dokar 1833, shekarar da ya mutu. Mu ma mun ci amfanin wannan aiki: jirgin yaƙin Ingila ne ya kuɓutar da yaro Ajayi daga jirgin bayi a 1822, shi ne Samuel Crowther da aka naɗa bishop a 1864.

To, su wa suka tsaya musu a hanya? Kiristoci ne, da Littafi a hannunsu. Sun kafa hujja da Farawa 9, suka ɗora wa baƙar fata la'anar Nuhu, alhali Nassin Kan'ana ya ambata kuma bai yi maganar launin fata ba. Sun kafa hujja da Firistoci 25, da Afisawa 6:5, da yadda Manzo Bulus ya mayar da Unisimas wurin Filimon. Ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Ingila mai suna SPG ta mallaki gandun rake na Codrington a Barbados, har akwai lokacin da aka riƙa yi wa bayin gandun lalas a ƙirji da alamar ƙungiyar. Sai a 2006 Ikkilisiyar Ingila ta nemi gafara. A Amurka maganar bauta ce ta raba Methodist a 1844, ta raba Baptist a 1845, kowane ɓangare da ayoyinsa da malamansa na tauhidi. Idan muna da gaskiya, dole mu yarda cewa mai kare bauta ya fi samun sauƙin ɗauko aya ɗaya ya nuna. Mai ƙin ta sai ya haɗa siffar Allah a Farawa 1, da hukuncin mai satar mutum a Fitowa 21:16, da asalinmu ɗaya a Ayyukan Manzanni 17:26, ya nuna inda dukan Littafin ya dosa.

Masu falsafa fa? Su ma sun yi abin a zo a gani. Montesquieu na Faransa ya yi wa hujjojin bauta ba'a a littafinsa na 1748. Adam Smith a 1776 ya nuna cewa aikin ɗa ya fi na bawa araha idan aka yi lissafi har ƙarshe. Maganar haƙƙin da aka haifi kowane mutum da shi ta shiga kunnen jama'a, kuma majalisar juyin juya halin Faransa, wadda ba ruwanta da Ikkilisiya, ta soke bauta a 1794, shekara 39 kafin Ingila. Sai dai hannunsu ma ba shi da tsabta. John Locke, uban maganar 'yanci, yana da hannun jari a kamfanin da ke fataucin bayi daga Afirka. David Hume ya rubuta cewa baƙar fata ƙasa suke da farar fata a halitta. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar 'yancin Amurka, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Dokar Faransa kuwa ba ta daɗe ba, Napoleon ya dawo da bauta a 1802. Wanda ya ce hankali kaɗai ya 'yanta bayi yana ɓoye nasa rabin labarin kamar yadda muke ɓoye namu.

Mutumin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne John Newton, domin mun saba ba da labarinsa a gurguje. Mukan ce ɗan cinikin bayi ne, guguwa ta kama shi a teku, ya tuba, ya bari. Ba haka aka yi ba. Guguwar a 1748 ce. Bayan ta ne ya zama kyaftin na jirgin bayi, yana karanta Nassi yana addu'a a ɗakinsa, mutane suna ɗaure a ƙarƙashin ƙafarsa. Rashin lafiya ne ya raba shi da teku a 1754. Bai fito fili ya rubuta a kan muguntar cinikin ba sai 1788, shekara arba'in bayan guguwar. Littafin da ke hannunsa bai canja ba a tsawon wannan lokaci. Idonsa ne ya buɗe a hankali, kuma ba shi kaɗai ya buɗe shi ba.

Abin da ya buɗe idon Ingila ya haɗa da aikin da ba a yi shi a ɗakin sujada ba. Thomas Clarkson, wanda bangaskiya ce ta tura shi, ya yi ta yawo a kan doki zuwa Bristol da Libaful yana tambayar matuƙan jirgi, yana bin rajistar jirage, yana sayen mari da sarƙa don ya nuna wa jama'a. Zanen jirgin nan Brookes, da mutane jere kamar buhuna, ya yi wa'azin da ba mu da irinsa. Olaudah Equiano, wanda ya ɗanɗana bauta da kansa, ya buga tarihin rayuwarsa a 1789. Hujja da ƙididdiga da shaidar wanda abin ya shafa, waɗannan kayan aikin zamanin ne, kuma masu bi ba su ji kunyar ɗaukar su ba. A namu ganin, falsafa ta kawo harshen da majalisa ke ji, Ikkilisiya kuma ta kawo jama'ar da za su yi shekara ashirin suna sa hannu a takardun koke, suna ƙin shan sukarin bayi, ba su gaji ba. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan rawar da tattalin arziki ya taka: Eric Williams a 1944 ya ce ribar rake ce ta ragu, Seymour Drescher a 1977 ya amsa cewa an hana cinikin ne yana tsakiyar kawo riba.

Akwai ɓangare na uku da gardamar takan manta, wato bayin da kansu. A Haiti ba su jira kowa ba, sun tashi a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Kuma masu gandu sun san haɗarin da ke cikin Littafi fiye da yadda waɗansu fastoci suka sani. A 1807 aka buga wani zaɓaɓɓen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karibiyan. An bar Afisawa 6:5 a ciki, an cire labarin fitar Isra'ilawa daga Masar, an cire Galatiyawa 3:28. Ba a cire abin da ba a jin tsoronsa.

Samuel Sharpe bawa ne a Jamaika, dikin a ikkilisiyar Baptist, kuma ya iya karatu. Ya karanta Littafin duka, ya ga cewa babu mai ikon mallakar ɗan'uwansa. A Kirsimetin 1831 ya shirya bayi su ƙi fita aiki sai an biya su lada. Abin ya rikiɗe ya zama tawaye, aka ƙone gandaye, aka kashe bayi ɗaruruwa wajen ramuwa, fararen Jamaika kuma suka rushe majami'un Baptist da na Methodist. An rataye Sharpe a Mayun 1832. Mishan William Knibb ya koma Ingila yana ba da shaidar abin da ya gani gari gari, shekara mai zuwa dokar ta wuce. Majalisa ta ware fam miliyan 20 na diyya, aka biya iyayengiji, ciki har da limaman Ikkilisiya. Bayin da aka 'yanta, kimanin 800,000, ba a ba su ko sisi ba, kuma mafi yawansu aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijin aiki da sunan koyon sana'a har 1838.