Yadda Aka Gina Siffar Ummu Kulsum, Tauraruwar Gabas



Duk wanda ya zauna cikin Larabawa, a Sudan ko Chadi, ya san muryar Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar da ake wa laƙabi da Tauraruwar Gabas. Ya kuma san siffarta: doguwar riga mai suturce jiki, hankici a hannu, baƙin tabarau, da tsayuwa cikin natsuwa. Hausawa na cewa kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma zanen shahararre hannu ne ke yin sa, kuma tarihin wannan baiwar Allah ya nuna yadda ake yin.

An haife ta a farkon ƙarni na 20 a wani ƙauye da ke arewacin Masar. Mahaifinta, Shehu Ibrahim, limami ne mai rera ƙasidun yabon Manzon Allah (SAW) a wajen bukukuwa. Da ya ga baiwar muryarta sai ya riƙa fita da ita, sanye da tufafin yara maza don gudun surutun mutane. Ke nan tun daga matakin farko an fara da tambayar kamar da za a nuna wa jama'a.

Wajen 1923 ta koma Alƙahira, inda 'yan birni suka yaba muryar, suka raina shigar ƙauye. A 1926 ta sauya tsari. Ta sallami 'yan amshi na gidansu, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa irin su Muhammad al-Ƙasabji, mawallafi Ahmad Rami kuma yana rubuta mata baitoci. Ta koma shigar matan manyan gidaje, mai tsada da kamun kai. A zamanin ana yi wa mata mawaƙa kallon 'yan gidajen rawa, don haka ta nesanta kanta da wannan zargi. Ta rufe ƙofar gidanta ga jaridu, ta zaɓi 'yan jaridar da take ganawa da su, ta riƙa nanata zance guda: ita 'yar ƙauye ce, 'yar limami, wadda karatun Alƙur'ani ya gyara wa harshe. Duk wannan gaskiya ne, sai dai zaɓaɓɓiyar gaskiya ce daga cikin masu yawa.

Da aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934, tana cikin waɗanda suka yi waƙar buɗewa. Daga baya aka saba da watsa wasanta kai tsaye a daren Alhamis ta farkon wata, har ya zama lokacin da iyalai da masu shaguna ke jira. Ta kuma fito a finafinai shida tsakanin 1936 da 1947. Rediyo ya kai muryar, sinima da mujallu suka kai fuskar.

Sai mulki ya shigo. Sarki Faruƙ ya ba ta lambar girma a 1944. Bayan juyin mulkin 1952 an dakatar da waƙoƙinta a rediyo saboda ta yi wa sarki waƙa, har sai da Jamal Abdul Nasir ya sa aka mayar da su. Labarin 'yar manoma da ta kai ƙololuwa ya dace da sabuwar gwamnati, sai mawaƙiyar da fada ta karrama ta zama muryar talakawa. Bayan yaƙin 1967 ta zaga ƙasashe tana tara wa Masar kuɗi: ta yi wasa a Faris a ƙarshen shekarar, ta je Hartum a 1968. Da ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975, miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira, har suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauka.

Ko tabaran nan da ake ɗauka ado ne, ciwon ido ne ya sa ta sanya shi, domin hasken fitilu na wahalar da ita. Masoya sun ga ƙasaita, ita kuwa tana fama da lalura.

To, me mai ƙauna zai ɗauka a nan? Baiwar Ummu Kulsum ta gaske ce, haka wahalar da ta sha wajen koyo. Amma matar da miliyoyi suka ji kamar sun sani, aikin hannaye da yawa ce: nata, da na mawallafa, da 'yan jarida, da masu mulki. Mu da muka san kirari mun san maroƙi ba ya faɗin duk abin da ya sani game da ubangidansa.

A yau Facebook da TikTok na yin wannan gini cikin kwanaki kaɗan. Matashi na auna rayuwarsa da hoton da aka tace, ya raina abin da Allah Ya ba shi, ko ya ɓata da ɗan'uwansa saboda tauraron da bai san da zamansa ba. Ka ji daɗin fasahar mai fasaha, ka yaba masa, amma idan ya nuna maka wanda za ka zaɓa ko abin da za ka saya, ka tambayi kanka wa ya yi zanen, kuma wa zai amfana.

Allah Ya sa mu dace.