Yadda Ƙaramar Kyamara Ta Ba Mata da Baƙi Damar Nuna Kansu

Fim na gwaji da fasahar bidiyo wani reshe ne na aikin fim da ba ya bin tsarin kasuwa. Sau da yawa babu jarumi a ciki, babu labarin da za a bi daga farko zuwa ƙarshe, kuma an fi kallonsa a ɗakunan nune-nunen fasaha da jami'o'i. Tun tsakiyar ƙarni na 20 babban ɓangaren wannan aiki ya karkata ga batun asali da jinsi: yadda ake kallon mace, abin da ake nufi da zama namiji, halin wanda ya tashi a ƙasar da ba ta iyayensa ba, da sha'awar da al'umma ke ɓoyewa ko take hukuntawa. Maganar ta fito fili a ƙarshen 2022. Mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda tun 1952 take jin ra'ayin masana fim duk bayan shekara goma, ta sanar da cewa Jeanne Dielman, fim ɗin Chantal Akerman 'yar ƙasar Beljiyam, shi ne ya zo na ɗaya a duniya. Wannan ne karo na farko da aikin mace ya hau wannan matsayi, kuma nan take aka shiga cece-kuce, wasu na cewa iskar siyasar zamani ce kawai ta kaɗa shi sama. Wanda ya san tarihin wannan fanni zai ga abin ya daɗe yana tafe.

Mafarin abin a warwatse yake. A Faransa cikin shekarun 1920, Germaine Dulac ta yi finafinai marasa magana da ke shiga tunanin matar aure da zaman gida ya ƙuntata wa. A 1943, a birnin Los Angeles, Maya Deren da mijinta Alexander Hammid suka ɗauki Meshes of the Afternoon a cikin gidansu, fim na minti 14 inda mace ke ta cin karo da kanta cikin mafarki. Kenneth Anger ya fitar da Fireworks a 1947, ɗaya daga cikin finafinan Amurka na farko da suka nuna sha'awar namiji ga namiji a fili. A 1964 'yan sandan New York suka ƙwace Flaming Creatures na Jack Smith, suka kama Jonas Mekas da ya haska shi. Duk waɗannan an yi su ne da zaren fim, mai tsada, wanda sai an kai wa kamfani ya wanke kafin mai shi ya ga abin da ya ɗauka. Ke nan dole wani baƙo ya riga shi gani. Shi ya sa masu wannan aiki suka kasance 'yan ƙalilan.

Abin da ya sauya al'amarin na'ura ce. Ana yawan ba da labarin cewa Nam June Paik, ɗan Koriya mazaunin New York, ya ɗauki ayarin Fafaroma Paul na shida a 1965 da sabuwar kyamarar Sony, ya haska a wani gidan shan kofi a daren ranar. Masu bincike na ja da wannan labari, domin sai a 1967 Sony ta fitar da samfurin mai batir da ake ratayawa a kafaɗa, wanda aka sani da Portapak. Ko ma dai yaya ne, daga ƙarshen shekarun 1960 mutum ɗaya na iya ɗaukar hoto mai motsi da sauti a kan tef, na kimanin minti 20, baƙi da fari. Ba a buƙatar wanki, ba a buƙatar ma'aikata. In an haɗa kyamarar da talabijin, mai ɗauka yana ganin kansa a daidai lokacin da yake motsi, in bai gamsu ba ya goge ya sake.

A nan ne zuciyar tarihin take. Zane da sassaƙa suna da ɗaruruwan shekaru na malamai maza da ƙa'idojinsu, masana'antar fim kuma tana hannun masu jari. Bidiyo kuwa sabon fili ne da babu wanda ya riga ya kafa masa shinge. Mace na iya rufe ƙofar ɗakinta, ta kafa kyamara, ta zama ita ce mai ɗauka kuma ita ake ɗauka. Joan Jonas ta sayi tata a Japan a 1970. A Vertical Roll na 1972, da gangan ta lalata saitin talabijin yadda hoton zai riƙa gangarawa ba tsayawa, sai mai kallo ya riƙa ganin ƙafa, ko kafaɗa, ko rabin fuska, bai taɓa samun jikin a cike ba, ga kuma ƙarar cokali tana bugawa da kowace gangara. Idon da ya zo kallon jikin mace sai ya gaji bai samu abin da ya zo nema ba.

Aikin Martha Rosler na 1975, Semiotics of the Kitchen, minti shida ne kacal, amma har yau ana koyar da shi. Rosler na tsaye a bayan teburin kicin kamar mai gabatar da shirin girki a talabijin, fuska a ɗaure. Tana ɗaga kayan girki ɗaya bayan ɗaya bisa jerin baƙaƙen Turanci, ta faɗi sunan kowane, ta nuna yadda ake amfani da shi. Tun ana ganin abin kamar darasi, har motsin hannunta ya fara tsanani: wuƙa ta koma ta sara, ludayi ya ɗebo abin da babu ta watsar gefe. A haruffan ƙarshe ta ajiye bayani, ta siffanta su da jikinta riƙe da wuƙa da cokali mai yatsu. Ba ta furta kalmar koke ko ɗaya ba, amma babu mai kallon da zai kasa gane fushin.

Akwai masu ganin gwagwarmayar mata ta shekarun 1970 ita kaɗai ta haifar da wannan duka. Tabbas ita ta ba da saƙon, kuma maƙalar Laura Mulvey ta 1975 a mujallar Screen, wadda ta nuna yadda finafinan Hollywood ke tsara mace domin idon namiji, ta ba masu aikin hujjar da suka riƙe. Sai dai koken mata ya girmi shekarun 1970 nesa ba kusa ba, kuma Dulac da Deren sun yi shi a fim ba tare da sun samu mabiya masu yawa ba. Abin da ya rasa a zamaninsu shi ne kayan aiki mai sauƙi. Wata fassarar ta fito daga Rosalind Krauss, wadda a 1976 ta rubuta a mujallar October cewa tushen fasahar bidiyo shi ne shagala da kallon kai. Wannan hukunci bai yi wa masu aikin adalci ba. Wanda a kullum wasu ne ke zana shi yadda suka ga dama, in ya juya kyamara kansa, gyaran hoton da aka ɓata masa yake yi. Hujja mafi ƙarfi da ke ƙalubalantar batun na'ura ita ce Jeanne Dielman kansa, domin da zaren fim na sinima aka ɗauke shi a 1975, da tallafin gwamnatin Beljiyam. Fim ne na sama da awa uku da ke bin kwana uku na wata bazawara a Brussels, tana feraye dankali, tana wanke-wanke, tana karɓar maza don kuɗin ciyar da ɗanta. Amma Akerman ta zauna a New York a farkon shekarun 1970 cikin masu fim na gwaji, kuma haƙurin barin kyamara a tsaye har aiki ya ƙare daga can ta ɗauko shi.

A shekarun 1980 fagen ya faɗaɗa. Bayan tarzomar unguwar Brixton ta London a 1981, sabuwar tashar Channel 4 ta Ingila ta fara tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin masu fim. John Akomfrah, haifaffen Accra, da abokansa na Black Audio Film Collective suka fitar da Handsworth Songs a 1986. Isaac Julien na ƙungiyar Sankofa ya yi Looking for Langston a 1989, kan baƙar fata masu son jinsinsu a Harlem. A Amurka, masu fama da cutar ƙanjamau suka ɗauki ƙananan kyamarori suna rubuta tarihinsu da kansu, saboda kafofin labarai sun juya musu baya. Lokacin da tashar PBS ta haska Tongues Untied na Marlon Riggs a 1991, tashoshi da dama sun ƙi nuna shi, kuma a 1992 ɗan siyasa Pat Buchanan ya yanki wani sashensa ya sa a tallan yaƙin neman zaɓe.

Ayyukan da suka fi daɗewa a zuciya sun fito ne daga matan da hijira ta raba da gida. Mona Hatoum, Bafalasɗiniya haifaffiyar Beirut, ta je London ziyara a 1975, yaƙin basasar Lebanon ya hana ta komawa. A Measures of Distance na 1988, wasiƙun mahaifiyarta cikin rubutun Larabci sun lulluɓe allon kamar labule, a bayansu ana hango hoton uwar tana wanka, ita kuma 'yar tana karanta wasiƙun da Turanci. Kusancin uwa da 'ya da nisan da yaƙi ya jefa tsakaninsu duk suna kan allo ɗaya. Shirin Neshat, 'yar Iran mazauniyar Amurka, ta kafa allo biyu suna fuskantar juna a Turbulent na 1998. A ɗaya namiji na waƙa gaban zaure cike da maza, ana yi masa tafi. A ɗayan mace ce gaban kujeru wayam, tana fitar da murya mara kalmomi, kasancewar tun bayan juyin juya halin 1979 an hana mace waƙa ita kaɗai gaban maza a Iran. Mai kallo na tsaye a tsakiya, dole ya zaɓi wanda zai juya wa baya. Neshat ta samu kyauta a baje-kolin fasaha na Venice a 1999.

A Nijeriya, Emeka Ogboh da Jude Anogwih da Oyinda Fakeye sun kafa ƙungiyar masu fasahar bidiyo a Legas a 2009. A Maiduguri, Rahima Gambo ta yi aikin hoto da bidiyo mai suna Tatsuniya tare da 'yan mata 'yan makaranta, inda aka gan su cikin kayan makaranta suna wasanninsu, a lokacin da duniya ba ta san su da komai ba sai labarin hari da sacewa. Kyamarar da ke cikin wayar hannu a yau ta fi Portapak inganci nesa ba kusa ba. Abin da har yanzu ya yi ƙaranci a yawancin biranen Afirka shi ne wurin da za a haska irin waɗannan ayyuka, da ma'ajiyar da za ta adana su.