Mayen Ƙarfe da Rabe-Raben Ƙira a Nguru da Gashuwa

Tun kafin layin dogo daga Kano ya iso Nguru a shekarar 1930, sana'ar ƙira ta kasu gida biyu: maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da lauje daga ƙarfen da ake narkowa daga tama, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Zuwan jirgin ƙasa, wanda ya mai da Nguru matattarar gyaɗa da fata da ƙaron da ake kwasowa daga wajajen Gashuwa, ya wadata kasuwa da tsofaffin ƙarafa, har narkar da tama ta daina biyan wahalarta. Daga baya sanholo ya shiga hannun masu zubin tukwane.

Wannan rabo na gargajiya ya yi daidai da rabon da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, yake yi, ko da yake maƙeran sun yi nasu ne bisa launi da yanayin aiki. Masana suna auna lamarin da ma'auni biyu. Na farko shi ne karɓuwa, wato gwargwadon yadda abu yake zama maganaɗisu idan ya shiga filin maganaɗisu. Na biyu kuwa ratsuwa, wato sauƙin da filin yake samu wajen ratsa abin idan aka kwatanta da sararin da babu kome, kuma adadinta shi ne karɓuwa a ƙara ɗaya. Ratsuwar baƙin ƙarfe mai laushi tana kaiwa dubbai, shi ya sa ake yin zuciyar taransifoma da shi, alhali karɓuwar sanholo kashi 2 da ɗoriya ce kawai cikin 100,000. Azurfa da jan ƙarfe ma ture filin suke yi, turi mai rauni ƙwarai, irin wanda Michael Faraday ya bayyana a 1845. Ɗan gwangwan da ke ɗora maganaɗisun tsohuwar lasifika a kan tarkace kafin ya yanka farashi, wannan tazarar yake aunawa, sai dai awon nasa yakan yi kuskure, domin wasu cokula marasa tsatsa galibinsu baƙin ƙarfe ne amma ba sa kamawa.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin wutar maƙera kullum. Idan aka zuga gawayi har ƙarfe ya yi jajir, zafinsa ya haura digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, motsin ƙwayoyin zarra yakan wargaza jeruwar da suka yi ta fuskantar gefe guda, sai maganaɗisu ya sake shi. William Gilbert ya rubuta a Ingila a 1600 cewa maganaɗisu ba ya kama ƙarfen da ya yi jajir, Pierre Curie kuma ya auna zafin da hakan ke faruwa a Faransa a 1895. Da zarar an ciro ƙarfen da awartaki ya fara hucewa a kan uwar maƙera, kamun yakan dawo.